Abin da Suke Yi wa Wanda Ya Faɗi

Tun da na dawo daga Japan ban ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali ba. Ina ɗaga kofi wani zai dafa ni ya ce, “Rabi'u, wai da gaske ne ƙattin nan tsirara suke kokawa?” In na fara ba shi amsa sai wani ya shigo ya ce a koma farko. Habu wanzami, da muke ɗaki ɗaya a unguwar Utaiƙa ta birnin Riyad, ya ji labarin har ya fara bayar da shi da bakinsa, yana ƙara gishirin da ban sa ba. Jiya na ji shi yana gaya wa wasu 'yan gini wai na kayar da Bajapane a gaban sarkinsu. To, ban kayar da kowa ba, kuma ban ga sarkinsu ba. Bari in rubuta yadda aka yi sau ɗaya in huta.

Ni direba ne a gidan wani dattijon Balarabe a unguwar Badi'a, ana ce masa Abu Fahad. Shi ne kafilina, wato iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, a hannunsa take. Tun da gwiwoyi suka zaunar da shi a keken guragu ba shi da aiki sai kallon talabijin, a nan ya kamu da son kokawar Japanawa da suke kira sumo. Da ɗansa Fahad ya ce zai kai shi ya gani da idonsa, tsohon ya kafe ba zai je ko'ina ba sai da ni, don ni nake ɗaga shi ina ajiyewa. Ranar da Fahad ya miƙo mini fasfona da biza a ciki, na fita bayan gida na yi tsalle ni kaɗai, da furfurata da komai.

Kowa a ɗakinmu ya ba ni saƙo. Wannan agogo, wancan waya, Habu kuma ya cusa mini kilishi a jaka ya ce kada yunwa ta kashe ni a ƙasar masu cin ɗanyen kifi. Mutum ɗaya ne bai ba ni saƙo ba, Baba Nomau. Shi ne babba a cikinmu, mutumin wani ƙauye ne a bayan Tasawa, ya tsufa yana dako a kasuwar kayan gwari ta Aziziya. A ƙuruciyarsa ɗan kokawa ne da ba a kai bayansa ƙasa, har makaɗi gare shi na kansa. Wata kaka wani matashi mai suna Ɗan Jimma ya ɗaga shi ya maka da ƙasa a gaban garinsu gaba ɗaya. Bai ma tashi ba ya ji makaɗinsa ya juya ganga yana wasa yaron. Baba ya bar garin kafin ƙura ta lafa, kuma bai sake taka shi ba. In ya je hutu a Maraɗi yake tsayawa, ƙanwarsa Hajo ta zo ta gan shi ta koma. Kambun fatar da ya shiga filin da shi yana nan a dantsensa, yana ɓoye shi a ƙarƙashin hannun riga, don a ƙasar nan ba a wasa da irin wannan abu.

A lokacin an riga an gaya wa Baba ba za a sabunta masa iƙama ba, tsufa ya zo, sai gida. Hajo tana ta aiko masa cewa ɗakin mahaifinsu yana nan, gona tana nan. Shi kuwa ya rantse ɗaki zai kama a Maraɗi ya ƙarasa kwanansa cikin baƙi. Mun yi lallashi har mun gaji, abin yana ci mini rai. Ranar tafiyata ya raka ni bakin titi, ya riƙe mini jaka ina jiran mota.

“Ɗana,” ya ce, “ni ban son agogo. Kowa na iya kallon wanda ya yi kaye. Ka dubo mani mi suke yi ma wanda ya hwaɗi.”

Na ce, “To, Baba, zan dubo.”

Mun canza jirgi a Dubai, daga nan muka yi ta tafiya har na fara zargin direban ya wuce ƙasar. Na yi barci, na tashi, na ci abinci, na sake barci, taswirar da ke gabana tana nuna mini muna saman China. Da muka sauka aka ɗauki hoton yatsuna da na fuskata, jami'in ya duba fasfo ya dube ni, ya buga hatimi, ya rusuna mini. Ni ɗan Jibiya, an rusuna mini ina tsaye? Na rusuna fiye da nasa. Ya ƙara. Da Fahad bai ja hannuna ba da har yanzu muna can.

A wajen ɗaukar kaya wani ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna kusa da jakata, ya ƙi tashi. Aka buɗe, ga kilishin Habu a cikin takardar siminti. Ashe ba a shiga ƙasarsu da nama ko wane iri ne. Na saba da yadda ake ƙwace kaya a wasu wurare, na shirya jin tsawa. Sai jami'in ya sa farin safar hannu, ya ɗauki kilishin da hannu biyu, yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifin. Ya bar mini dabino da ƙullin yaji. Habu har yau bai yafe wa karen ba.

A ƙofar fita muka iske wadda za ta yi mana jagora, wata 'yar siririyar mata mai suna Akiko. Ta buɗe baki sai ga Larabci irin na masu karanta labarai, a Alƙahira ta koyo shi. Ni kuma nawa Larabcin na kasuwa ne, na yalla da halas. Abu Fahad ya yi dariya har da tari, ya ce yau ya ga Bajapaniya ta fi direbansa nahawu. Amma mun fahimci juna, ni da ita, kuma duk abin da na gane a ƙasar nan ta bakinta na gane shi.

Masaukinmu na farko a Tokyo ɗakina bai fi shagon mai cajin waya ba, amma tsaf. Na zo da butata, don ba na yarda da bayin kowa. Ina tura ƙofar banɗaki murfin masai ya ɗaga da kansa, na ja da baya ina a'uziyya. A gefe maɓallai ne birjik da rubutun da ba na iya karantawa. Na danna ɗaya don gwaji ina tsaye, ruwan ɗumi ya taso ya wanke mini gaban riga. Da na gane aikinsa sai na ji mutanen sun kwanta mini a rai. Butata ta koma ta alwala kawai.

Daga nan muka shiga jirgin ƙasa mai gudun tsiya zuwa wani gari a gindin duwatsu, inda ruwan zafi ke fitowa daga ƙasa, Fahad yana fatan zai taimaki gwiwoyin tsohon. Jirgin cike da mutane amma shiru kamar ana jiran liman ya tayar da salla. A nan wayata ta yi ƙara, Habu ne yana tambayar ko kilishi ya isa lafiya. Na ɗauka na fara ba shi labarin kare da muryar da Allah ya ba ni. Ba wanda ya harare ni, kowa ya dai sunkuyar da kai, sai Akiko ta matso ta raɗa mini cewa a tsakanin taragu ake amsa waya. Na gwammace a zage ni da irin wannan kunyar.

Masaukin can na gargajiya ne. Ba gado, ba kujera, tabarma ce mai taushi bango zuwa bango, ana shimfiɗa katifa a ƙasa. Na ce ai wannan gida na zo. Abin da ya rikita ni takalma ne. A ƙofar gida ka cire naka ka sa silifa. A ƙofar ɗaki ka cire silifan. A ƙofar bayi akwai wasu silifan daban na bayi kaɗai. Ni kuwa na fito daga bayi na manta, na taka da su har ɗakin cin abinci, ina gaisawa da mutane. Tsohuwar da ke da gidan ta dubi ƙafata, ta rufe baki da hannu, ta tafi da sauri ta kawo mini wasu ta ajiye a gabana. Wankan ruwan zafin kuwa na ce a kai kasuwa, don maza ne ke shiga tare yadda uwa ta haife su. Aka samar wa Abu Fahad ɗakin wanka na shi kaɗai, na saka shi a ruwan da gajeren wandonsa, yana nishin daɗi yana sa wa Fahad albarka.

Abinci kuwa, an jera mana 'yan ƙananan kwanoni kamar kayan wasan yara, kowanne da loma ɗaya. Akiko ta riga ta gaya musu ba alade ba giya, don haka kifi ne da ganye da shinkafa. Tsinken cin abincin nan biyu sun gagare ni, na roƙi cokali. Ɗanyen kifin na rufe ido na haɗiye. Na biyu na barbaɗa masa yajina, sai ga shi ya zama abinci. Tsohuwar ta nemi ta ɗanɗana, ta lasa a yatsa, hawaye suka zubo mata tana dariya tana fifita baki. Na bar mata rabin ƙullin.

Duk wannan daɗi ina jinsa, amma saƙon Baba yana raina. A hanyar komawa Tokyo na gaya wa Akiko labarinsa, na tambaye ta me ake yi wa wanda ya faɗi a sumo. Ta ce ƙanenta Kenta ɗan sumo ne. Tun yana yaro ya shiga, yanzu ƙuruciya ta wuce, bai taɓa hawa sahun manyan da ake nunawa a talabijin ba. Faɗuwarsa ta fi kayensa yawa, gwiwarsa ta lalace, wannan gasar ce ta ƙarshe a gare shi. Ta ce in muna so za ta roƙi ubangidansu mu je mu kalli atisayen safe. Abu Fahad ya amsa tun kafin ta rufe baki.

'Yan sumo a gida ɗaya suke zaune da ubangidansu, su yi girki, su yi shara, ƙanana su yi wa manya hidima. Kafin mu shiga Akiko ta ja mana kunne: ba magana, ba ci, ba miƙe ƙafa wajen fili. Muka zauna a kan dakalin katako. Jama'a, na ga ƙatti. Na yi dako, na ga majiya ƙarfi a Aziziya, amma ban taɓa ganin mutum mai faɗin ƙofar gareji ya ɗaga ƙafa sama da kansa ya sauke ta ƙasa ta amsa ba. Ba tsirara suke ba, Habu, bante ne mai kauri kamar buhu, an naɗa shi an ɗaure ta baya. Kowa da tukkunsa a ka, an shafe shi da mai mai ƙamshi an ɗaure. Filin da'ira ce ta yumɓu da aka kewaye da igiyar karan shinkafa. Dokar kusan irin tamu ce: in wani abu ban da tafin ƙafarka ya taɓa ƙasa, ka faɗi. Sun dai ƙara da cewa in an tura ka waje ma ka faɗi.

Akiko ta nuna mini Kenta da ido. Ba shi ne mafi girma ba, gwiwarsa a naɗe da bandeji, kunnuwansa sun murɗe. Wani matashi ya taso masa da gudu, kawunansu suka haɗu da ƙarar da na ji har cikin haƙorana. Kenta ya ja da baya har dugadugansa suka taɓa igiya, ya tsaya nan. Yaron ya tura, ya tura, Kenta ko gezau. Jinin Jibiya ya motsa mini, na manta da duk jan kunnen da aka yi mana. Ban san lokacin da na miƙe ba, na ɗaga hannu na saki kirarin Baba Nomau da ya sha faɗa mana a ɗaki.

“Kututturen gawo na tsakar gona, mai garma ya kewaye ka!”

Ɗakin ya mutu. Masu buga ƙafa suka tsaya da ƙafa a sama. Akiko ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa katako. Fahad ya ja mini riga yana cewa, “Ijlis, ya Rabi', ijlis.” Na zauna. Ubangidan, wani tsoho mai ƙaton wuya da ke zaune a kan matashi, ya dube ni sau ɗaya ya mayar da kansa ga fili. Aka ci gaba.

Da aka tashi ya aiko a kira ni. Na je ina shirya ban haƙuri da duk Larabcin da na sani. Ya tambayi Akiko me na faɗa. Na fassara mata daga Hausa zuwa Larabci, ita ta mayar Japananci, har sai da na kwatanta musu gawo da garma da hannu. Na ce a wajenmu ba a kokawa shiru, kowane ɗan kokawa da kirarinsa da makaɗinsa, kuma wannan kirarin na wani tsoho ne da ya bar garinsu saboda faɗuwa ɗaya. Ubangidan ya saurara har ƙarshe. Ya matsa kafaɗata da hannu kamar mai taya rago, ya faɗi wani abu ƙattin suka fashe da dariya. Wai na yi latti, da na zo da ƙuruciya da ya ɗauke ni. Kenta bai yi dariya ba. Ya rusuna mini, ya yi wa yayarsa magana a hankali. Ta ce yana gayyatarmu ranar rufe gasa, mu zo karonsa na ƙarshe da safe, mu kuma zo aski da yamma. Ban gane wane aski ba, na dai ce mun gode.

Sun ci da mu kafin mu tafi. Tukunya ce babba ta romo da ganye da kaza, an dafa mana tamu daban da kifi. Akiko ta ce lokacin gasa sun fi son kaza, don kaza a kan ƙafa biyu take tsayawa, mai ƙafa huɗu kuwa ya yi kama da wanda ya dafa ƙasa. Na ce ashe camfin 'yan kokawa ɗaya ne ko'ina.

Ranar rufe gasa muka yi sammako. A wajen babban zauren ana kaɗa ganga a saman wata doguwar hasumiya, na ji tsigar jikina ta tashi. Ciki kuwa kujeru ne fayau, mutane ba su fi na sallar asuba a ƙaramin masallaci ba, don ƙananan 'yan kokawa da safe suke yi, manya sai yamma. Wani mutum ya hau fili da mafici a hannu ya rera sunan Kenta da dogon sauti kamar sanƙira. Alƙalin wasan ƙafarsa ba takalmi. Suka durƙusa, suka dafa ƙasa, suka haɗu. Ban gama gyara zama ba abokin karon ya kama bantensa ya juya shi, Kenta ya faɗi a kan kafaɗa, yashi ya manne masa har wuya.

Na buɗe ido sosai, don wannan aka aiko ni. Wanda ya yi kayen bai yi tsalle ba, bai daki ƙirji ba, ko murmushi bai yi ba. Ya miƙa hannu ya taimaka wa Kenta ya tashi. Kowa ya koma gefensa, suka rusuna wa juna. Kenta ya sauka, ya juyo ya sake rusuna wa filin, ya daɗe a haka. 'Yan tsirarun mutanen da ke wurin suka tafa masa. Akiko tana kuka ba sauti. Na ce a raina, to wannan kaɗai ma ya isa in kai wa Baba.

Da yamma zauren ya cika maƙil, a nan na ga sumon da Abu Fahad ke kallo a talabijin. Manyan suka fito da zannuwan ado masu sheƙi, suna watsa gishiri sama, suna marin cikinsu, suna harare-harare kafin su haɗu. Gishirin da sauran al'adun na addininsu ne, mu 'yan kallo ne. A nan an yarda a yi ihu, na kuwa rama na ranar atisaye. Abu Fahad yana dukan hannun kekensa yana kiran sunayen da ya haddace, ban taɓa ganinsa cikin irin wannan farin ciki ba. Muryata ta dushe kafin a tashi.

Daga nan muka wuce wani otal inda gidan su Kenta ke walimar rufe gasa. Muka zauna da lemonmu. Can aka ajiye kujera a kan dandamali, Kenta ya fito cikin baƙar riga ta gargajiya ya zauna yana fuskantar jama'a, tukkunsa a gyare. Wani ya tsaya a bayansa da almakashi mai ruwan zinare a kan faranti. Akiko ta ce mini ɗan sumo ba ya aske tukkunsa tun ranar da ya shiga sai ranar da zai bari, kuma ba shi zai yanke da kansa ba.

Aka fara kiran suna. Kowa ya hau, ya ɗauki almakashin, ya yanke 'yan silin gashi kaɗan, ya dafa kafaɗarsa, ya sauka. Mahaifinsa ya hau. Malaminsa na makaranta ya hau. Mai kifin unguwarsu ya hau. Akiko ta hau. Sai wani ƙato cikin kwat ya taso daga baya, ɗakin ya ɗauki tafi. Na tambaya wane ne. Akiko ta ce tsohon abokin karonsa ne daga wani gida, wanda ya sha kayar da shi shekara da shekaru, ya bar sana'ar tuni, ya yi doguwar tafiya don wannan kawai. Mutumin ya yanke nasa, ya sunkuya ya faɗa wa Kenta wani abu a kunne. A nan Kenta ya kasa riƙewa, hawaye suka zubo masa, bai share ba.

Ina cikin share nawa na ji an kira wani abu mai kama da sunana. Akiko ta tura ni. Na hau, na ɗauki almakashin, gashin yana ƙamshin man nan. Na yi bisimilla na yanke 'yan sili. Na dafa kafaɗarsa, wannan karon a hankali na faɗa masa kirarin, shi kaɗai ya ji. Daga ƙarshe ubangidan ya hau, ya zagaye tukkun da almakashi ya cire shi gaba ɗaya, ya ɗaga wa jama'a. Su biyun suka rusuna. Mutumin da aka kayar da safe, wanda bai taɓa cin wata gasa ba, ɗaki guda ya miƙe tsaye yana tafa masa. Akiko ta ce gidan abinci zai buɗe a garinsu.

Mun dawo Riyad zafi ya tare mu tun daga ƙofar jirgi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ɗakinmu ya cika, Habu ya shimfiɗa kayan askinsa a gefe kamar kullum, aka ɗora shayi. Na ba da labarin kare, na ba da na silifa, aka yi ta dariya. Baba Nomau yana jingine da bango. Da na zo kan Kenta sai na juya na fuskance shi, na faɗa masa komai, tun daga faɗuwar har almakashin. Na gaya masa da kirarinsa na wasa mutumin.

“Shi wanda ya riƙa kada shi, ya zo?” Baba ya tambaya.

“Ya zo, Baba. Daga nesa ma.”

“Kuma ya sa hannu ya yanka?”

“Da idona na gani.”

Ya bar shayinsa har ya huce. Wani ya fara wata hira, Habu ya harare shi ya bari. Can Baba ya tura kofin gefe, ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa. Yawancin 'yan ɗakin ranar suka fara ganin kambun. Fatar ta yi baƙi ƙirin, ta nutse cikin naman dantsen.

“Habu, miƙo almakashinka.”

Habu ya miƙa mini, na miƙa wa Baba, ya girgiza kai. “Ba ka ce ba shi ke yanke ma kansa ba? Kai za ka hwara.”

Fatar ta yi tauri, da ƙyar na ɗan tsaga bakinta. Na dafa kafaɗarsa na ba Habu. Habu ya yanka ya ba na kusa da shi. Haka almakashin ya zagaye ɗakin, direbobi da 'yan gini da 'yan dako, kowa ya ɗan ci kaɗan ya dafa shi. Da ya dawo hannuna saura ɗan siririn zare ya riƙe kambun. Na ɗaga almakashin zan ƙarasa, Baba ya riƙe mini hannu.

“Bar shi nan. Wannan ba naka ba ne.”

Ya sauke hannun rigarsa a hankali don kada zaren ya tsinke. Ya ce in kira masa Hajo. Da ta ɗauka bai ko gama gaisuwa ba ya tambaye ta ko Ɗan Jimma yana da rai. Muna jin muryarta daga wayar. Ta ce yana nan, haƙoransa sun zube, kuma ba kakar da za ta wuce bai tambaye ta yaushe Nomau zai dawo ba. Baba ya rufe ido.

“Ki sa a share ɗakin,” ya ce. “Ki ce mashi ya nemi almakashi.”

Ni na kai shi filin jirgi da motar Abu Fahad, tsohon da kansa ya ce in ɗauka. Bayan 'yan makonni ɗan Hajo ya turo mini hoto a waya. Tsofaffi biyu ne zaune a kan tabarma a ƙofar gida, ɗaya yana dariya da dasashi, riƙe da guntuwar baƙar fata. Ɗayan ya naɗe hannun riga yana nuna wa mai ɗaukar hoto dantsensa. Inda kambun ya zauna fatar ta yi haske, zobe guda, kamar ta jariri.